Numfashin Jikan Alhaji

Majalisarmu tana ƙofar gidan maƙwabcina Alhaji, mai lambunan rake a hanyar Kance. Bayan la'asar muke taruwa, ni da shi da tela da wani tsohon direba, da duk wanda ya biyo ya samu wuri a tabarma. Shekara da shekaru hirarmu ba ta wuce ruwan sama da kokawa da ƙwallon ƙafa. Sai ga mu a ƴan shekarun nan mun zama magoya bayan wata ƙungiyar ɗaliban jami'a a Kanada, masu wasan hoki a kan ƙanƙara, alhali yawancinmu ba su san ƙanƙara ba sai wadda ake saye a leda lokacin azumi.

Jikan Alhaji ne sanadi. Babban ɗan Alhaji ya tafi karatu can tun yana saurayi, ya samu aiki ya zauna, a can aka haifi yaron aka sa masa sunan kakansa. Hausarsa tana ɗingishi, amma ta ishe shi tsokanar tsohon a waya. Da ya shiga jami'a aka ɗauke shi a ƙungiyar makarantar, uban ya riƙa turo mana kowane wasa washegarin ranar da aka buga shi. Mukan kife turmi mu jingina wayar a jikin buta, mu matso da kawunanmu.

Ni ne tafinta. Aikin likitan dabbobi ya yawata da ni ƙasashe, har na taɓa yin hunturu guda a Kanada wajen ƙaro ilimi, inda abokan aiki suka ja ni kallon wasan. Mai sharhi yana zuba Faransanci, ni ina juya musu abin da na kama. Wasan kansa ba wuya: kowane ɗan wasa da takalmi mai ƙarfe kamar wuƙa a ƙasansa, da doguwar sanda mai lanƙwasa, suna korar wani baƙin faifan roba zuwa raga. Tun ranar farko tela ya sa wa faifan suna waina, kuma sunan ya zauna.

Ba a daɗe ba kowa ya zaɓi nasa. Direba ya riƙe mai tsaron raga, wanda ake yi wa lodin kariya kamar jakin da zai tafi kasuwar Tsauni. Ya ce duk wanda zai zube a gaban abin da ke tahowa da irin wannan gudu, ya tare shi da ƙirji, shi kaɗai ne namiji a wurin. Tela kuwa ya mutu a kan kyaftin, wani ƙato mai jan gemu da ke shekararsa ta ƙarshe a makaranta. A cewarsa ranar da Jan Gemu ya karɓi takardar gama karatu, ƙungiyar ta zama gidan da aka cire wa ginshiƙi. Ni nawa wani ɗan tsamurmuri ne da ke miƙa waina ga abokinsa ba tare da ya waiwaya ba, kamar yana da ido a ƙeya.

Na zauna cikin ƴan kallo a Kano, inda ake yi wa ɗan wasa ruwan zagi idan ya ɓarar da ƙwallo, a ɗauke shi a kafaɗa idan ya ci. Na ga ƴan kallon kokawa a Dakar, waɗanda rabin hankalinsu yana kan layu da kiɗa. Mutanen majalisarmu daban suke. Kallon mai sayen bijimi a kasuwa suke yi wa yaran nan: ƙafa, ƙirji, haƙuri. Kuma sau da yawa abin da suka faɗa shi mai sharhin yake faɗa daga baya.

Jikan Alhaji ya cancanci yabo. Yana da sauri, ba ya tsoron a matse shi da bango, idan an kayar da shi yakan tashi ba tare da ya nemi faɗa ba. Amma Alhaji ba ya jin daɗin kallon, kuma a hankali na gane dalili. A wannan wasa ba a tsayawa don canjin ƴan wasa. Gudun yana da tsanani har ba mai iya jure shi fiye da ɗan lokaci kaɗan, saboda haka wasu na tsallake katanga suna shiga, wasu na fita su zauna a benci, wasa na ci gaba. Alhaji kuwa ba ya kallon kowa sai jikansa. Abin da yake gani kawai shi ne an sa yaron, kafin a ce me an fitar da shi.

Tela ya ƙara wa wutar itace. Duk lokacin da yaron ya nufi benci sai ya ce, "Alhaji, takwaranka ya shiga ya gaishe su, ya fito."

Na yi bayani iya bakina. Na ce kowa haka ake yi masa, har Jan Gemu. Tela ya rantse shi bai taɓa ganin Jan Gemu ya zauna ba. Wayar ƙarama ce, hulunan kwanon duk iri ɗaya, mai ɗaukar hoto kuma waina yake bi, ba benci ba, don haka ban samu abin nunawa ba. Alhaji ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Likita, ka daina sanyaya mini rai. Na san ƙwallo tun kafin a haifi uban yaron nan. Wanda aka sa aka cire kafin ya yi gumi, an gaya masa bai iya ba ne."

Wata rana bayan an watse ya riƙe ni ya faɗi abin da ke cin sa. Yaron shi kaɗai ne baƙar fata a ƙungiyar. Alhaji ya yanke a ransa cewa ana sa shi ne don a ce an sa, a cire shi don a nuna masa matsayinsa, a gaban dubban mutane, da sunan da yake ɗauke da shi. Ya ce ranar Juma'a idan ɗansa ya kira, zai umarce shi ya janye yaron daga wasan. Na san ɗan nan tun yana rarrafe. Bai taɓa tsallake maganar ubansa ba, kuma nisan ƙasa bai canza shi ba. Idan Alhaji ya faɗa, yaron ya gama hoki.

Ranar Alhamis aka turo wasan da suka yi da manyan abokan hamayyarsu. Ana cikin kashi na biyu abokan hamayyar suka danne namu a gaban ragarmu, suka hana su fita da waina. Wanda ke ciki ba shi da damar zuwa benci, domin idan ya bar wurinsa an ci su. Jikan Alhaji yana ciki, tare da Jan Gemu. Lokaci ya yi ta tafiya ba a canza su ba, fuskar Alhaji ta washe. Ya taɓa gwiwar tela ya ce yau dai sun ji kunya sun bar shi.

Sai muka ga ƙafafun yaron sun fara mutuwa. Wanda ya saba tashi kamar barewa ya koma jan jiki, ya dogara da sandarsa, bayansa ya tanƙware. Wani ya wuce shi kamar yana tsaye. Mai tsaron ragar direba ne ya cece su, ya faɗa kan wainar ya rufe ta da ciki, alƙalin wasa ya busa usur. A nan ne mai ɗaukar hoto ya juya kan benci, abin da bai cika yi ba. Ga jikan Alhaji zaune, ya sunkuya, ƙirjinsa na hawa da sauka, baki a buɗe. Ga Jan Gemu a gefensa, shi ma haka, gemun ya jiƙe sharkaf. Da ya ɗan samu kansa ya miƙa hannu ya bubbuga hular yaron.

Alhaji ya ce in mayar masa da wurin. Na mayar, ya sake kallo, ya ce in ƙara.

Da ya buɗe baki, ba maganar hoki ya yi ba. Ya ba mu labarin rijiyar lambun mahaifinsa, wadda shi da yayyensa suke yashewa kowace rani. Tana da zurfi, iskar ƙasanta ba ta isar mutum. Akan ɗaura wa ɗaya igiya ya sauka ya cika guga da laka, da ya ji kansa ya fara nauyi sai ya girgiza igiyar a jawo shi, wani ya sauka. Mahaifinsu ba ya yi wa wanda ya fito da wuri faɗa. Wanda ya daɗe don a ce jarumi ne, shi yake shan mari, domin shi ne zai suma a ƙasa ya jawo wa kowa wahala.

"Wannan numfashin na san shi," in ji Alhaji. "Na yi shi a bakin rijiya. Ba a yin sa da ƙarya, kuma ba a barin wanda aka raina ya kai ga yin sa."

Ranar Juma'a ina wurin aka kira. Ya gaisa da ɗansa, ya tambayi iyali, bai ce komai a kan janyewa ba. Ya ce a ba shi takwaransa. Da yaron ya karɓa ya ce, "Kai rago, na gan ka kana haki kamar tsohon jaki. Gobe idan ka ji iska ta ƙare, ka girgiza igiya." Yaron bai gane igiyar ba, sai da uban ya yi masa bayani muka ji dariyarsa.

A shekarar ba su ɗauki kofi ba, an fitar da su gab da ƙarshe. Jan Gemu ya gama karatu ya tafi, tela ya yi makokinsa, sannan ya koma bayan wani sabon yaro mai dogayen hannuwa da yake cewa nan da shekara biyu ba mai tsayawa a gabansa. Direba yana nan a kan cewa muddin mai tsaron ragarsa bai gama makaranta ba, ba abin tsoro. Alhaji ya ce kyaftin na gaba ɗan gidansa ne, kuma ban ga dalilin musa masa ba. Har yanzu yana da ƙorafi a kan mai horarwa, sai dai ƙorafin ya juya. Da zarar yaron ya ɗan jima a ciki, sai ka ji tsohon ya matso kusa da wayar yana cewa a jawo shi haka nan, wani ya sauka.