Takalma a Ƙofar Masallacin Tashar Baba

Shekara goma ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Iro, wanda mutanen Kusada suka fi sani da Iro Faya, Allah Ya jiƙansa da rahama. Mutane kan ce shekara goma ta isa zuciya ta huce, a riƙa tuna mamaci da murmushi. Tawa dai ba ta huce ba. Bana ma abin ya fi tsaya mini a rai, har maigidana ya fara tambayata ko ƙaiƙayi nake ji a tafin ƙafa, domin tun da ruwa ya ɗauke ban yi Asabar ɗaya a ɗakina na Kankia ba. Dalilin wannan yawo nake so in ba masu karatu labari, amma sai na fara da jirgin.

Baba ya tafi Funtua tun yana saurayi, ya sami aiki a jirgin ƙasa zamanin da jirgi ke cin kwal. Aikinsa shi ne ya tsaya gaban wuta da shebur yana ɗura mata, daga nan ya samo sunan Faya, wato wuta da Turanci. Da jirage masu shan mai suka zo, sai ya ji aikin ya fita daga ransa, ya tattara ya dawo gida ya kama noman gero da gyaɗa. To, Kusada ba garin dogo ba ne. Babu wanda ya taɓa farkawa da kukan jirgi a garinmu. Idan ya zauna yana ba da labarin tasha, sai abokan hirarsa su riƙa gyaɗa kai don ladabi kawai, shi kuma ya san ba su ga abin da yake gani ba. Da ya gaji da bayani, sai ya share shagon da ke jikin zaurenmu ya ce zai gina musu ita su gani.

Ya shekara da shekaru yana wannan gini. Layin dogon da ƙarafan tsofaffin lema ya yi shi, ya jera tsinken ashana a ƙarƙashi. Kan jirgin jikin tsohuwar tocila ne da gwangwanin tumatir, ya sa masa injin wata rikoda da ta mutu, batir kuma yana cikin taragon farko. Akwai ofishin tikiti, da tankin ruwa a kan dogayen ƙafafu, da sigina mai ɗaga hannu, da buhunan gyaɗa kamar ƙwayar wake da ya ɗinka da kansa. Hayaƙi ne ya ba shi wahala, har sai da ya gano cewa ɗan garwashi a murfin kwalba, a barbaɗa masa turaren wuta, yana fitowa ta bututun fari tas. Daga ranar Inna ba ta sake sanin kwanciyar hankali da gwangwanin turarenta ba. Takan ce a duk ƙasar Katsina ita kaɗai ce matar da jirgin ƙasa ke yi wa sata.

Abu ɗaya ne babu a tashar: mutane. Baba ya tambayi malamin unguwarmu game da sassaƙa 'yan mutane, malam ya ce ya fi masa alheri ya bar surar abu mai rai. Bai yi musu ba. Sai ya gina ɗan masallaci a gefen tashar, ya yanka 'yan takalma daga guntun fata, ya jera su a ƙofa, ga 'yar buta a gefe. Kuma ya kafa doka da bai taɓa karyawa ba. Muddin takalman nan suna ƙofar masallaci, jirgi ba ya motsi, ko wane ne ya zo kallo. Sai ya sa yatsa ya kwashe su ɗaya bayan ɗaya ya zuba a gidan ashana, alamar an sallame, kowa ya sa takalminsa ya shiga tarago. Sannan ya hura garwashi, ya busa usur da bakinsa, ya saki jirgi.

Mutumin da ya fi kowa fahimtar wannan tasha ba ɗan garinmu ba ne. Oga Felix ne, mai shagon hoto a Kankia, Kirista daga kudu, wanda ya zo yana matashi har ya yi furfura a cikinmu. An kira shi ɗaukar hoton suna a gidanmu, ya leƙa shagon, daga nan ya manta da jaririn. Ya tambayi Baba ina fasinjojin suke.

"Suna sallah," in ji Baba. "Ba ka ga takalmansu ba? In kana gaggawa ne, jira su sallame."

Tun daga ranar, Oga Felix kan hau babur ya zo bayan la'asar, lokacin da rana ke shigowa ta ƙofar shagon a karkace ta kama hayaƙin. Ba ya ɗaukar hoto a tsaye. Yakan kwanta rubda ciki a ƙasa da wandonsa mai guga, haɓarsa a kan daɓe, kyamara a daidai tsayin wanda ke jiran jirgi. Ya ce wanda ya tsaya a tsaye gwangwani zai ɗauka, wanda ya kwanta shi ne zai ɗauki tasha. Kuma gaskiyarsa. Wani tsohon ma'aikacin jirgi ya taɓa ganin ɗaya daga cikin hotunan a shagonsa, ya rantse ya sha ruwa a gindin wannan tanki. Daga baya Baba ya lanƙwasa waya ya yi ɗan keke, ya jingina shi a jikin bishiyar tashar, ya ce na Felix ne, ya ajiye ya tafi coci.

Da Baba ya rasu aka zo rabon gado, gonaki da shanu ba su ba malamai wahala ba. Jirgin ne ya tsayar da su. Babu wanda ya san abin da za a kira shi, babu kuma mai saye, su kuwa ba za su yarda haƙƙin wani ya maƙale a hannun wani ba. Sai aka raba shi kamar yadda ake raba komai. Yaya Sani, babbanmu da ke zaune a Yashe, ya ɗauki kan jirgin. Ƙanena Lawal ya tafi garin Boko da taragai. Ƙanwata Hajara ta naɗe layin dogo ta kai Bauranya. Ni aka ba ni ofishin tikiti da masallaci da gidan ashanar takalma. Inna ta sami tanki da sigina, ta ce da sun bar mata gwangwanin turarenta ma ya isa. Babu wanda aka zalunta, kowa ya tafi da haƙƙinsa daidai. Sai dai tun ranar jirgin bai sake tafiya ba, don kai ba ya motsi sai da taragon batir, su biyun kuma ba su da inda za su taka.

Nakan tambayi kaina me Baba zai ce da zai leƙo yau. Ana ta maganar sabon dogo daga Kano zuwa Maradi, na san da ya hana mutane sakat da tambaya, ya kuma yi ƙorafin cewa jirgin da ba ya hayaƙi ba a sanin ya taho. Jikokinsa suna kallon jiragen ƙasashen duniya a waya, masu gudun da ido ba ya kamawa, su ture da yatsa su wuce zuwa wani abu. Kowa ya zama mai hoto, har 'yan ajina na firamare, amma ban taɓa ganin wanda ya ɓata rigarsa a ƙasa don hoto ba. Ina jin abin da zai fi ba shi mamaki shi ne gaggawarmu. Mutumin da ya iya tsayar da hakimi a bakin ƙofa saboda 'yan takalman fata ba su gama sallah ba, ban san inda zai sa kansa a wannan zamani ba. Ni kaina da nake wannan magana, sau nawa na buɗe gidan ashanar nan a shekara goma? Yana cikin akwati ƙarƙashin zannuwa, ina jin nauyinsa a raina kullum, ina kuma kauce masa.

Bana da kaka Oga Felix ya aiko a kira ni. Na same shi yana ɗaure kaya. Idonsa ya yi rauni, 'ya'yansa sun matsa ya koma gida kafin Kirsimeti, kuma ya san ba zai dawo ba. Ya nuna mini kwalin da ya adana finafinan hotunan tashar: danshin damina ya shiga, duk sun manne sun ruɓe. Ya ce bai roƙi komai a garin nan ba tsawon zamansa, amma yana so ya ga jirgin Baba ya tashi sau ɗaya, ya ɗauke shi, kafin ya tafi. Na amsa masa da to, tun kafin in yi tunanin abin da na ɗauko wa kaina.

Hajara ba ta ba ni wahala ba, sai dai awaki sun taka wani ɓangare na dogon, muka zauna muna miƙe ƙarfen lema da dutse. Lawal ya karɓo taragai daga hannun 'ya'yansa, ɗaya cike da ƙwallayen goruba. Inna ta ba da tanki, ta haɗa da turare ba tare da an tambaye ta ba. Saura Yaya Sani. Na je Yashe na dawo, na sake komawa, amsarsa ɗaya ce: abin da shari'a ta raba, mi zai sa a haɗa shi? Na ce aro ne na yini ɗaya, ya ce zai duba. Na fito raina a ɓace, ina ce masa mai taurin kai a zuciyata. Matarsa ce ta biyo ni zaure ta gaya mini cewa duk Juma'a yakan sauko da kan jirgin daga saman kwaba, ya goge shi, ya ɗiga masa man keken ɗinki, ya mayar. Da na koma na ƙarshe ban yi masa gardamar shari'a ba, na zauna kawai. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

"Binta, in jirgin ya tashi kuma babu Baba a wurin, ban san yadda zan yi ba."

Na gaya masa ranar da muka sa, na tashi.

Ranar Asabar ɗin muka share tsohon shagon a Kusada, muka shimfiɗa dogo, muka kafa tanki da sigina. Na jera takalman a ƙofar masallaci. Aka yi la'asar, rana ta fara shigowa ta ƙofa, Oga Felix yana zaune a kan kujera yana duban hasken yana duban hanya. Ina ta fita zaure ina dawowa, har Inna ta ce in zauna kafin in haƙa rami a daɓen. Hasken ya kusa barin dogon sai muka ji babur. Yaya Sani ya shigo da kan jirgin naɗe a cikin rawani, bai gaisa da kowa sosai ba, ya durƙusa ya ɗora shi a kan layi.

Oga Felix ya kwanta da ƙyar, ya daidaita kyamara, ya leƙa, ya daɗe. Sai ya ɗago ya ce ba ya gani, hazo kawai yake gani. Ya ce in zo in kwanta a wurinsa, shi zai gaya mini lokacin da zan danna. Haka na tattare hijabina na kwanta rubda ciki a gaban yayana da ƙannena, ni da nake da 'ya'ya 'yanmata. Na sa ido. Wallahi ban taɓa ganin tashar ba sai ranar. Tankin ya yi tsawo har sama, dogo ya miƙe ya ɓace, ga keken Felix a jikin bishiya, hayaƙin turaren Inna yana tashi a cikin hasken yamma.

Ta cikin gilashin na ga yatsun Yaya Sani sun sauko suna kwashe takalman ɗaya bayan ɗaya, yadda Baba ke yi. Da ya gama, sai ya sa hannu a aljihu ya ajiye wasu a ƙofar masallacin, na mutum ɗaya, waɗanda ban sani ba. Fatarsu ja ce da ta sha rana. Na gane ta, domin takalman Baba na zuwa Juma'a suna cikin rabon Yaya, daga jikinsu ya yanko waɗannan. Lawal ya riƙe wayar batir yana jira, ya ce ai saura mutum ɗaya bai fito ba.

"Wanga ba zai hito ba," in ji Yaya Sani. "Saki jirgin ya tahi."

Ya busa usur da bakinsa, muryar ta karye a tsakiya. Jirgin ya yi ƙugi, ya girgiza, ya ja. Oga Felix ya dafa kafaɗata ya ce yanzu, na danna.

Kafin magariba kowa ya naɗe rabonsa ya kama hanya, don haƙƙi haƙƙi ne. Oga Felix ya tafi garinsu, Yaya ya sa masa ɗan keken wayar a aljihu. Idan na auna abin da ya rage na Baba, gonakin an sake yanka su, shanun an sayar, shagon ma an ce za a zuba taki a ciki. Abin da na ga ya tsaya shi ne 'ya'ya huɗu da wani baƙo daga kudu, da suka iya riƙe numfashi suna jiran 'yan takalman fata. Ban san ko jikokinsa za su gaji wannan ba, kuma rashin sanin yana damuna.

Hoton yana jikin bangon ɗakina. Wutsiyar jirgin ta ɗan yi dishi-dishi don yana tafiya, hayaƙi ya cika sama, ƙofar masallaci kuwa ta fito tar. Baƙi sukan tsaya su tambaye ni wace tasha ce wannan, kuma ina mutanenta. Nakan ce duk sun shiga jirgi sun tafi, saura mutum ɗaya, bai idar da sallarsa ba.