Inci Biyun da Suka Rage

Duk wanda ya taɓa hawa benen da Baba Magini ya gina ya san aikinsa, ko bai san fuskarsa ba. Za ka taka matakala goma sha biyar lafiya lau, ta ƙarshe ta kama maka ɗan yatsa. Masu gidajen sun saba, sukan ce wa baƙo, "A ɗaga ƙafa a can sama."

Ba ha'inci ba ne, don gininsa ba ya tsagewa. A aji huɗu ya bar makaranta, shekarar da mahaifinsa ya kwanta ciwo. An koya musu rabawa, an tsaya a kan "saura kaza". Abin da ake yi da saurar kuwa sai a aji biyar, shi kuma nasa aji biyar ɗin a kan tsani ya yi shi, da kwanon siminti a ka. Shekara talatin da ɗoriya, in ya raba tsayin bene da yawan matakala, abin da ya rage sai ya ɗora wa ta ƙarshe.

Ana nan sai ya sami aikin wani ƙaramin asibiti. Injiniyar da ke duba ginin yarinya ce mai ladabi, amma ta ji labarinsa.

"Baba, marasa lafiya ne za su hau, da masu ciki. In wata matakala ta fi 'yar'uwarta, zan sa a rushe, in kira wani."

Ba a taɓa rushe masa gini ba. Da la'asar ya sami autarsa, malamar aji biyar, tana duba littattafan ɗalibai a baranda.

"Auta, inci ɗari da goma sha huɗu, matakala goma sha shida."

"Bakwai, saura biyu."

"Wannan na san shi tun kafin in auri uwarki. Biyun nan, ina ake kai su?"

"A raba wa kowace ɗaya bisa takwas."

"Bisa me?"

Da zai karɓi amsar ya tafi abinsa, amma hawa uku ne a asibitin, kowanne da tsayinsa, kuma ba zai riƙa jan 'yarsa zuwa wurin aiki ba. Ta rubuta biyu a sama, goma sha shida a ƙasa, ta fara bayani. Yana gyaɗa kai, irin gyaɗawar da ta sani a wurin 'yan bencin baya.

"Baba, takwas sau bakwai?"

Ya dubi rufi.

"Ina ganin yatsunka suna motsi a ƙarƙashin riga."

"Ƙaiƙayi ne."

Ta shiga ɗaki ta fito da littafin aji uku.

"Na zo neman biyar, ki mayar da ni uku?"

"Ka taɓa ɗora bene a kan ɗanyen harsashi?"

Ya miƙa hannu ya karɓa. Kwana biyu yana bitar sau bakwai da sau takwas, har a banɗaki ana jin muryarsa. Matarsa takan leƙo ta ce, "Ɗan aji uku, in an tashi a zo a ci abinci." A rana ta uku Auta ta yanka lemo gida biyu, ta mayar huɗu, ta mayar takwas. Kafin ta gama magana ya shanye uku, ta ce to, nawa bisa nawa ya rage? Ya faɗa daidai, bakinsa cike.

Daga nan ta ja tef ɗin awonsa, ta nuna masa ƙananan layukan da ke tsakanin inci da inci. Rabi da kwata ya san su. Sauran ya daɗe yana kallo.

"Ashe aiki suke yi. Na ɗauka ado ne."

Ranar dubawa injiniya ta bi matakalar ɗaya bayan ɗaya da nata tef ɗin, Baba na tsaye da hannu a baya, yana kallon wani wuri daban. Ta kai sama, ta sake sauka tana aunawa.

"Wa ya yi maka lissafin?"

"Makaranta na koma."

Ta sa hannu a takarda. Sai ta juya bayan takardar, ta zana masa gangaren rufin, kusurwa uku da haruffa a jiki. Ya ce ya gane, ya ninke ya sa a aljihu.

Da Auta ta gani ta yi dariya.

"Wannan na sakandare ne, Baba. Da sauran tafiya a tsakani."

Ya jawo kujera, ya gyara zama.

"To, kawo na aji shida. Ki kuma sayo lemo."