Tabarmar Inna a Kan Faifan Rana

Shekarar da mutanen furoje, masu aikin raya karkara, suka kawo mana faifan da ke mayar da hasken rana wuta, maigidana ya kafa shi a garkarmu ta bayan gida. Famfo ya riƙa jawo ruwan rijiya zuwa salati da ɗan kududdufin tarwaɗarmu, ni kuma na huta da jan guga.

Wata ranar bazara yana kasuwa, ruwa ya tsaya cak. Na girgiza tiyo, na bubbuga famfon, har zaginsa na yi. Mai gyara sai Maraɗi, ga salati ya fara yaushi.

Da na ɗaga kai, sai ga tabarma shimfiɗe a kan faifan, an danne ta da duwatsu. Surukata ce ta rufe shi, wai kada rana ta gasa abu mai daraja.

Na yaye tabarmar, tiyo ya yi tari, ruwa ya ɓalle. Na sauke ajiyar zuciya na ce, "Inna, ai shi rana ce tuwonsa."

Ta taɓe baki. "Ni na sha ta shekara sittin a gona, da na samu mai rufa mini tabarma, da na gode."