Rufus Kafinta, Gawar Unguwar Turaki

A shekarar da Jalingo ta zama babban birnin sabuwar jiha, Rufus Obadiya yana da rumfar kafinta a unguwar Turaki. Benci yake yi da tebur da tagogi, in kuma aka yi rasuwa cikin Kirista, shi ke harhaɗa akwatin gawa. Mutum ne gajere mai faɗin ƙirji, bai cika magana ba, sai dai in ya jefa ɗaya sai an kwana biyu ana maimaita ta.

Wata rana Malam Manasseh, malamin firamare da ke shirya wasan kwaikwayo a cocinsu, ya zo yana son akwati. Ya rubuta wasa ne kan wani mutum da ya mutu, dangi suka fara rabon kayansa tun gawar tana tsakar ɗaki. Rufus ya yi akwatin, ya kai wurin gwaji. Sai ga matsala: duk 'yan wasan babu mai yarda ya kwanta a ciki. Wannan ya ce matarsa na da ciki, wancan ya ce ya yi mummunan mafarki.

"Katako ne fa," in ji Rufus. "Ni na fere shi da hannuna."

Ya tuɓe takalmi ya shiga, ya miƙe ƙafa, ya ce wallahi ya fi gadonsa daɗi. Nan take Malam Manasseh ya ba shi aikin: ya kwanta shiru har a gama.

Ranar wasan coci ta cika har tagogi. Dangin mamaci suna kuka da ido ɗaya, ɗaya idon yana kan awaki da keke. Da mai yin ƙanin mamaci ya rungume rediyo yana cewa marigayi ya yi masa alkawarinta, Rufus ya kasa daurewa. Ya ɗago kai daga akwati ya ce, "Ɗauka mana, ai ba ta kama tasha."

Matan da ke bencin gaba suka watse da ihu. Da suka gane abin da ya faru, dariya ta ɓarke har fasto yana share hawaye. Malam Manasseh ya koma gida ya sake rubuta wasan: daga ranar gawa ce ke gyara wa masu makoki ƙaryarsu.

Cikin shekara biyar Rufus ya mutu a makarantu da coci-coci, ya mutu a filin ƙwallo a garin Mutum Biyu. In ya shiga Kasuwar Jalingo sayen ƙusa, Jibrilla mai kayan gini kan ce, "A'a, marigayi! Yaya lahira?" Shi kuwa ya amsa, "Lafiya lau, can ba a ɗauke wuta."

Matarsa Godiya ce kaɗai abin bai yi wa daɗi ba. "Baban Rejoice," takan ce, "mutum ya riƙa kiran mutuwa da bakinsa?" Yakan ce ai ba kiranta yake ba, tsokanarta yake, don in ta zo ta tarar ba baƙuwa ba ce. Duk da mitar, ita ke goge masa farin zanen da ake lulluɓe shi da shi.

A damunar 1996 ciwo ya kwantar da Malam Manasseh. Da Rufus ya je duba shi, malamin ya ce, "Ka zo da abin awo? Ka ƙara min inci biyu a akwatina, ba na son matsi." Sannan ya roƙe shi alfarma: bayan an binne shi, a yi wasan nan a ƙofar gidansa.

Da Malam Manasseh ya rasu, dattawan coci suka yi ta jan ƙafa, amma Cecilia, matar marigayin, ta ce abin da mijinta ya ce shi za a yi. Da yamma aka jera benci. Rufus ya kwanta a akwatin wasa, aka lulluɓe shi. Lokacin tashinsa ya yi, ƙanin mamaci ya maimaita maganar rediyo har sau uku, gawa shiru. Kuka Rufus yake yi a ƙarƙashin zane.

Sai Cecilia ta miƙe cikin baƙaƙen kaya ta ce, "Rufus, tashi mana! Kai ma tafiya za ka yi? Wa zai gyara min ƙofar kicin?"

Ya tashi zaune, fuska jiƙe, ya ce, "Mama, ran Talata."

Aka yi ta dariya ana fyace hanci. Cecilia da kanta ta riƙe ciki, karo na farko tun da mijinta ya kwanta.

Ran Talata ya je ya gyara ƙofar. Ya ci gaba da mutuwa har shekara uku, sai ciwon baya ya hana shi tashi da sauri, 'yan wasa biyu ke ɗago shi. Da ya ga haka ya ce a ba shi kujera, ya koma yin tsohon da ke zaune a gefe yana cin abincin makoki.