Abin da Ke Cikin Tabarma

Wani tsoho yana zaune a ƙarshen benci a komisariya, ofishin 'yan sanda, dogo, ramamme, rawaninsa duk ya koɗe. A cinyarsa akwai wani abu naɗe cikin 'yar tabarma, ya tallabe shi da hannu biyu. A wannan shekara ta fari da yunwa, kowa a Yamai ya san abin da ake naɗewa haka: gawar yaro. Matar da ke kusa da ni har ta fara salati.

Da layi ya zo kansa, sai ya warware. Bindiga ce irin ta soja, mai sarrafa kanta.

"Takarda nake so a yi mata, ranka ya daɗe. Don shanuna na saye ta."

Ɗan sandan ya sassauta murya. "Baba, ta farauta ake yi wa takarda. Wannan ba ta farar hula ba ce. Ina shanun?"

"Babu ko ɗaya."

"To bar ta nan, ka tafi kafin sojoji su ji."

Ya sunkuya ya miƙa ta a hankali, kamar mai miƙa gawa ga na cikin kabari. Ina jin ba yau hannuwansa suka koyi wannan ba. Tabarmar kuwa ya naɗe abarsa ya fita da ita. Har yau ina tambayar kaina, yara nawa suka rage masa a gida?