Wakiliya da Hannun Kawu

A gidanmu babu mai kiran ƙanwata da sunanta. Wakiliya muke ce mata, kuma Baba ne ya laƙaba mata tun tana 'yar shekara shida. Gidan haya muke zaune, ɗakuna tara a jere, famfo ɗaya a tsakar gida, don haka labari ba ya yankewa. In aka aike ta ɗebo ruwa sai ta dawo da rabin bokiti da cikakken bayani: wa ya riga wa ajiye bokiti, wa ya fara zagi, me matar mai gyaran takalmi ta ce kafin ta fashe da kuka. Baba, wanda tun da ya bar tuƙin babbar mota rediyo ba ta rabuwa da kunnensa, sai ya rage sauti ya ce, "To jama'a, ga wakiliyarmu da ƙarin bayani." Mama kuwa cewa take yi, "Ƙarin bayani ko gulma? Bakin yarinyar nan wata rana sai ya ja mana."

Ni ce babba, shekara bakwai na ba ta. Ɗinki nake yi, kekena na jikin taga a ɗakin da muke kwana ni da ita. Da ta samu gurbin karatun aikin jarida a kwaleji, ni na ɗinka mata jakar littattafai da ragowar yadin labule, na yi mata ƙaramin aljihu a ciki don biro, saboda ta iya yar da biro kamar ba da gumi ake samunsa ba.

A shekarar farko ta ishe mu. Akwai wani malaminsu da ɗalibai ke kira Wa-Ya-Ce, domin ko gaishe shi ka yi ka ce an tashi lafiya, zai iya tambayarka majiyarka. Ta kwaso wannan hali ta kawo gida. Mai kawo ɗinki za ta zauna bakin gadona ta ce an ce za a rushe kasuwa, sai ka ji Wakiliya daga bayan littafi ta ce, "Wa ya ce?" Matar ta ce an ce dai. "An ce ba mutum ba ne, Anti. Ba shi da gida, ba shi da lambar waya." Har sai da na roƙe ta ta riƙa yin shiru in ina da baƙi, tun kafin ta kore mini masu ɗinki.

A shekara ta biyu ta rage surutu. An ba su aiki: kowa ya ɗauki manyan labarai ya bi su kullum, ya rubuta ranar da aka daina ambatonsu. Ta manna doguwar takarda a bango, kusa da inda nake rataye awo. Kwale-kwale ya kife da mutum arba'in da wani abu, kwana uku aka yi ana magana. Gobara ta cinye layi guda a wata kasuwa, kwana biyu. Yajin aikin likitoci ya fi daɗewa, shi ma sai da wani babban mutum ya rasa gado a asibiti. Wata rana da yamma ina datse zare ta ce, "Yaya, kin san abin da ke damuna? Arba'in da wani abu. Wannan 'wani abu' ɗin mutane ne. Uwar wani ce, ko mijin wata. Babu wanda ya koma ya ƙirga."

Na ce, "To ke in kin gama sai ki riƙa komawa kina ƙirgawa."

Ta ce, "Abin da nake so ke nan."

A daminar shekararta ta uku amai da gudawa ya ɓarke a unguwarmu da waɗanda ke kewaye. Cikin mako biyu aka fitar da gawa huɗu daga layinmu, har da tsohuwar da ke sayar da sabulu a ƙofar gida. A rediyo wani jami'i ya ce laifin jama'a ne, ba sa wanke hannu, suna shan ruwan rijiya. Mama ta kalli rediyon ta ce, "Rijiyar wa? Rabon da in ga guga tun ina budurwa."

A ɗakin ƙarshe na gidanmu akwai dattijon da muke kira Kawu. Ba mu haɗa jini ba, amma mun buɗe ido mun gan shi, shi ya kai Wakiliya makaranta a kan kekensa ranar da ta fara aji ɗaya, lokacin Baba yana kan hanya da babbar mota. Shekara ashirin da shida ya yi a wurin tace ruwa na gari. Yatsu uku ne a hannunsa na hagu, inji ya cire biyu tun yana saurayi, kuma shi da kansa yake tsokanar kansa, wai shi kaɗai ne ke gama yanke farce kafin kowa. A wancan makon ya bi ɗakuna ɗaya bayan ɗaya, ba ya shiga, daga bakin ƙofa yake cewa a hankali, "A riƙa tafasa ruwa. Ko na wanke baki ne." Kowa ya ce to. Wakiliya ce kaɗai ta tsaya a kan maganar.

Ta ce da ni, "Mutumin da aikinsa tace ruwa, me zai sa ya ce a tafasa?"

Ranar hutunsa ta same shi a bayan gida yana shafa wa sarƙar keke mai. Ban je ba, ita ta ba ni labari. Da farko ya kauce, ya tambaye ta karatu. Ta zauna a kan bulo ta ƙi tashi. Can ya ce maganin da suke zubawa don kashe ƙwayoyin cuta ya ƙare mako bakwai ke nan. Sun rubuta wa manyansu sau uku. An ce su ci gaba da tura ruwa, kuma kowa ya iya bakinsa. Ya ce tun ranar da aka fitar da mai sabulu abinci ba ya wuce masa.

Ta ce, "Kawu, in na rubuta fa?"

Ya daɗe yana juya fedar keke da hannu. Ya ce, "Shekara guda ta rage mini in ajiye aiki, 'yata. Kada sunana ya fito."

"Ko wuƙa aka sa mini a wuya, Kawu."

Kwana huɗu ta yi tana rubutu. Ta je asibiti ta ga marasa lafiya a kan tabarmi a baranda, ta yi magana da 'yar mai sabulu, ta buga wa ofishin ruwa waya sau biyar ba a ɗauka ba. Ta kai wa Wa-Ya-Ce. Ya karanta ya dawo mata da shi, ya rubuta da jan biro a gefe cewa hujja ta cika amma bai ga mutum ba, takarda ce kawai ke magana. Ya ce ta nuna masa majiyarta yadda mai karatu zai yarda mutum ne mai jini a jika.

Ta dawo ta zauna a ƙasa, ta jingina da ƙafar kekena, ta goge ta sake, ta goge ta sake. Daga ƙarshe ta ce in tsayar da keke in ji. Ta karanta: "Ma'aikacin, wanda ya roƙi a sakaya sunansa, yana magana yana murza hularsa da yatsu ukun da inji ya bar masa."

Ni da bakina na ce mata, "Wannan layin ya fi duk sauran. Kada ki taɓa shi." Na faɗi haka, kuma ban manta ba.

Aka saka labarin a shafin intanet na ɗaliban sashensu, wanda a da ko su kansu ba sa buɗewa. Kafin gari ya waye sau biyu ya zagaye wayoyin mutane. Wata tasha ta karanta shi a shirin safe. Baba ya fita da rediyonsa tsakar gida ya ƙure sauti, yana nuna ta da sanda, yana cewa, "Tawa ce, tawa ce." Washegari ofishin ruwa ya fitar da sanarwa cewa ƙarya ce, aikin yara ne da ba su gama koyon riƙe biro ba. Wakiliya ta yi dariya ta ce ai musu shi ne alamar an taɓa wurin ciwo.

A rana ta biyar, da hantsi, ina shanya a tsakar gida sai ga Kawu ya shigo yana tura kekensa. Bai taɓa dawowa kafin la'asar ba. A bayan keken an ɗaure takalmansa na roba da kwanon abincinsa da tsohuwar rigar ruwa. Ya gaishe ni kamar kullum, ya wuce ɗaki. Ba a jima ba na ji kukan matarsa.

Ma'aikata kusan sittin ne a wurin. Mai yatsu uku mutum ɗaya ne.

Da Wakiliya ta dawo daga makaranta na tare ta tun a ƙofa na faɗa mata an sallami Kawu. Ta tsaya da jaka a kafaɗa tana kallona, na ga lokacin da ta gane. Ta miƙe zuwa ɗakin ƙarshe, na bi ta. Ta durƙusa a bakin ƙofa. Matar Kawu ta tashi ta shige ciki ta ja labule.

Wakiliya ta ce, "Kawu, ni na jawo maka."

Ya ce, "Tashi, ƙasa da laima. Kin cika alkawari ai, sunana bai fito ba." Ya ɗaga hannun ya duba shi gaba da baya. "Ni ma da aka karanta mini ban kawo komai ba. Mutum yakan manta da abin da ke jikinsa."

Da ya zage ta, ina jin da ta fi samun sauƙi.

Ta je wurin Wa-Ya-Ce washegari. Ya riga ya ba ta maki mafi girma a ajin. Ta ce da ta gaya masa, cire tabarau ya yi ya ajiye a kan tebur, sannan ya ce sau uku ya karanta, shi ma bai gani ba, kuma shi ya kamata ya gani. Ya buga waya wurare biyu a gabanta, wani ya ce zai duba, wani ya ce ai takardar sallamar ba ta ambaci labari ba, makara zuwa aiki aka rubuta. Daga baya ya nemi izininta ya riƙa koyar da ɗalibai da abin da ya faru. Ta ce a'a, Kawu ba darasi ba ne.

A mako na gaba aka ga manyan motoci sun shiga wurin tace ruwa, ruwan famfo ya dawo da warinsa na magani. Wasu suka ce saboda labarin ne, wasu suka ce dama kayan na hanya. Har yau ba mu sani ba. Cutar ta lafa da ɗaukewar ruwan sama. Shi kuwa labarin, kwana shida ya yi, sai wasu mawaƙa biyu suka yi cacar baki, kowa ya koma can. Babu wanda ya zo ya tambayi ina mai yatsu uku yake.

Wata huɗu Kawu ya ƙara a gidan. Yana fita da safe da jakar kayan aiki, yana bin gidaje ko akwai mai famfon da ke zuba, gwiwa kuma ta fara ba shi wahala. Matarsa ba ta sake amsa gaisuwar kowa daga ɗakinmu ba, har Mama, wadda suka yi shekara ashirin suna aron tukunya. Daga baya babban ɗansu ya zo daga wani gari da motar ɗaukar kaya. Wakiliya ta taya su fito da kujeru da katifa, ba wanda ya hana ta, ba wanda ya ce mata sannu. Kawu ne kawai, da zai shiga mota, ya ce, "Ki gama karatunki. Kada ki ce don ni kin bari, sai ya zama an yi asara biyu."

Ta gama. Sakamakonta ya yi kyau. Yanzu shekara biyu ke nan tana aiki a wata ƙaramar tashar rediyo, a bene na biyu, ɗaki mai bango da soso da fanka da ba a kunnawa in ana shiri. Ita ke karanta labaran rana, yawancinsu sanarwoyi ne da ofisoshi ke aikowa a shirye. Muryarta na da daɗi, ba ta tuntuɓe. Shugaban sashen ya sha cewa ta fita ta nemo rahoto, sai ta ce a tura wani. A gida takan zauna ta yi awa guda tana duba waya, in na tambaye ta me ke faruwa a duniya ta ce, "Abin jiya ne, Yaya, wuri kawai ya canza." Labarin Kawu muna jinsa jefi-jefi daga mai gyaran takalmi. An ce idonsa ɗaya ya fara rufewa.

Makon jiya wata mata ta zo gidan tana tambayar 'yar jarida. Mai girki ce a wata makarantar kwana, da ƙunar mai a bayan hannunta. Ta ce wata ƙawarta ce ta kwatanta mata gidan. Suka zauna a bakin gadona, na tsayar da keke na fita na ba su wuri. Sun fi awa guda. Ina jiyo muryar matar tana hawa tana sauka, wani abu ne game da buhunan da ake dafa wa yara da abin da ake samu a cikinsu. Da na leƙa ɗaukar almakashi, na ga littafin Wakiliya a rufe a kan cinyarta, ba ta rubuta ko harafi ba.

Ta raka matar har bakin titi, ta tsaya sai da ta hau mota. Da ta dawo na ce, "Me za ki yi da maganarta?"

Ta zauna ta cire takalmi, ta jera su a gefe.

"Yara nawa ne a makarantar?" na sake tambaya.

"Ɗari uku da goma sha ɗaya," in ji ta. "Masu girki kuma su huɗu ne kacal."

Na jira ko za ta ƙara wani abu. Mama ta ƙwala mata kira daga tsakar gida ta zo ta kwashe shanya, hadari ya taso, ta tashi ta fita.