Bututun Bindigar Baba

Baba yana da bindigar farauta mai baki ɗaya tun ban yi wayo ba. Ta halak ce, da lasisinta, kuma duk shekara sai ya sa babbar riga ya je ya sabunta shi kamar mai zuwa ɗaurin aure. Sana'arsa sayen citta ne. Yakan bi ƙauyukan Kachia ya sayi busasshiya, ya kawo Kafanchan a ɗora a jirgin ƙasa. A wannan yawon ya haɗu da wani manomi Kirista, wanda muka tashi muna ce masa Baban Kachia. Bindiga iri ɗaya suka saya, a shago ɗaya a Kaduna, da rani kuma su shiga daji tare. In Baban Kachia ya harbi gada bai kashe ba, sai ya ƙwala wa Baba kira ya zo ya yanka, don mu ma mu ci.

Da aka yi rikicin garinmu, gidan da ke da bindiga ya zama abin tsoro, ko da takarda ko babu. Baba bai taɓa nuna wa mutum bakinta ba, amma ya san in aka shigo bincike ba lallai a tsaya karanta lasisi ba. Ya naɗe ta a buhu ya binne a bayan ɗakin girki. Damina biyu ta yi a ƙasa. A tsakanin nan ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, ni kuma na dawo gida jinya, don mijina yana aiki a Kudu, 'yan'uwana maza duk sun yi nisa. Ina koyarwa a firamare da safe, da rana ina gida.

Ranar da ya ce in tono ta, ni na riƙe fartanya. Gara ta cinye ƙotar tas, ina taɓawa tana zubewa. Bututun ne kawai ya tsira, saboda Baba ya shafe shi da mai sosai kafin ya binne. Na kai masa. Ya ɗora shi a cinya, ya shafa da hannun da ke motsi.

Ba a jima ba Baban Kachia ya zo duba shi. Zuwansa na farko ke nan tun bayan rikici. Da hantsi ya iso, ya tsaya a ƙofar gida yana sallama da ƙarfi, yadda duk unguwa za ta ji cewa baƙo ne mai zuwa a fili. Da ya ga Baba a kwance sai ya durƙusa ya riƙe hannunsa.

"Aboki na, haka ka koma? Ubangiji ya ba ka sauƙi."

Sun daɗe suna hira, ba wanda ya ambaci abin da ya faru a gari. Can sai Baban Kachia ya ce ya daina farauta.

"Bindiga na ya kumbura. Laka ya shiga baki, ban sani ba na harba. Allah ya kiyaye ido na. Yanzu birai sun gane, suna cin masara na ina kallo."

Gonarsa ta masara tana gindin dutse, nesa da gari, kuma ƙarar bindiga kaɗai ke korar biran wurin. Baba ya dube ni ya ce, "Uwata, ɗauko." Sunan mahaifiyarsa gare ni, shi ya sa yake kirana haka. Na ɗauko bututun. Baba ya ce kyauta ya ba shi, Baban Kachia ya ce shi ba ya karɓar ƙarfe irin wannan kyauta. Suka yi ciniki irin na tsofaffin abokai, mai saye na ƙarawa, mai sayarwa na ragewa, har suka daidaita. Baban Kachia ya miƙa hannu zai ɗauka, sai Baba ya dafe.

"Ba haka za ka tafi da shi ba. Dubi nan." Ya nuna masa lambar da ke jikin ƙarfen. "Ita ce a lasisina. In aka tare ka a hanya, Kirista ɗauke da ƙarfen bindiga daga gidan Musulmi, me za ka ce a yarda? Ni ma me zan ce? A kai wa dilan bindigogi mai lasisi a Kaduna, ya rubuta, ka je ka karɓa a hannunsa. Haka doka ta ce."

"To wa zai kai?"

Duk suka dube ni. Ni kaɗai ce mai ƙafa a gidan.

Na fara da ofishin 'yan sanda. Sajen da na tarar mutum ne mai kirki, ya ba ni kujera, ya yi mini bayani. A wurin doka bututu ma bindiga ne, ba ya barin gari sai da takardar izini, kuma babban jami'i ne ke sa hannu. Na rubuta neman izinin, na haɗa da lasisin Baba da wasiƙar dilan cewa zai karɓa. Daga nan aka shiga je-ki-dawo. Yau jami'in ya tafi taro, gobe yana nan amma yana son ya ji daga sama. Ba wanda ya wulaƙanta ni, ba wanda ya nemi komai a hannuna. Abin da na gane shi ne, a wannan lokacin kowa na tsoron a ga sa hannunsa a ƙarƙashin kalmar bindiga. Ina tashi daga makaranta in wuce can in zauna a benci, har masu gadin ƙofa suka fara ce mini Malama mai ƙarfe. Damina ta sauka ina kan bencin nan. Sai da masara ta kai gwiwa takardar ta fito.

Na ɗauka an gama, ashe aika shi ne babban aikin. A gidan waya akawun ya ji abin da ke cikin ƙunshin, ya janye hannunsa daga kan tebur, ya ce ba sa ɗaukar irin wannan. A tashar jirgi, inda Baba ya yi shekara da shekaru yana auna citta, mai karɓar kaya ya san ni tun ina yarinya. Ya tambayi jikin Baba, ya karanta takardar har ƙasa, ya ce, "'Yata, ki yi haƙuri. Takardarki ta yi daidai, amma in wani abu ya faru a hanya ni za a nema." A tashar mota kuwa direbobin da ke kai saƙon kaji da man ja kullum suka ce ko nawa zan biya ba za su karɓa ba. Ɗaya daga cikinsu ya ce in ni zan riƙe abina da kaina, in zauna gaba, zai ɗauke ni.

Na naɗe bututun a tsohon zani, na sa a cikin tabarma, na ɗaure da igiya. Baba ya ce, "Uwata, duk wanda ya tambaye ki, ki faɗa kafin ya buɗe." Na ce to.

Mun wuce shingen bincike biyu ba wanda ya kula da tabarmata. A na kusa da Kachia wani ɗan sanda ya leƙo ta taga ya ce, "Madam, mene ne wannan?"

Na ce, "Bututun bindiga ne, ga takardar izini."

Aka ce kowa ya sauka. Aka sauke kaya daga saman mota, aka kwance buhuna, aka zazzage jakunkuna a gefen titi. A cikin fasinjojin akwai wata mata da ke kai ɗanta asibiti a Kaduna, jikinsa zafi rau. Ba ta zage ni ba, kallona kawai ta yi ta yi, tana jijjiga yaron. Wani dattijo mai hular sanyi ya ce a hankali, amma yadda zan ji, "Haka ake farawa." Wani kuma mai carbi a hannu ya matsa nesa da ni, kada a ce tare muke. Na so in yi musu bayani, in ce na birai ne, na masara ne, na abokin Babana ne, amma na rasa ta inda zan fara.

Sufeton da ke wurin ya karanta takardar, ya gwada lambar da ta jikin ƙarfen, ya ce sun yi daidai. Sai dai ba zai bar ni in wuce ba sai ya ji daga bakin wanda ya sa hannu, oba-obarsu, wato rediyon da suke magana da ofis, kuma ba ta kama Kafanchan sosai. Direban ya zo ya tsaya a gabana yana murza hularsa.

"Malama, kin ga yaron nan."

Na ce ya tafi. Suka ɗaure kaya suka tafi, ba wanda ya waiwayo.

Na zauna a kan wani kututture, tabarmata a ƙarƙashin teburin 'yan sanda. Daga inda nake ina hango mararrabar da ke shiga ƙauyen Baban Kachia, jar hanya tsakanin gonakin citta da aka rufe da ciyawa. Na san ta, mun sha bin ta a bayan motar kaya lokacin bikin Kirsimeti. Da ƙafa ma zan kai kafin rana ta karkata. Ga ƙarfen, ga mai shi can bayan bishiyoyi, amma dole in wuce da shi har Kaduna. Na ji hawaye na zuwa, na danne, don kada a ce rashin gaskiya ne ya sa ni kuka. Wata mai sayar da gasasshiyar doya ta miƙo mini yanki ɗaya ba ta tambaye ni komai ba.

Bayan azahar oba-obar ta kama, aka tabbatar. Sufeton ya ba ni haƙuri, ya tare wata babbar mota mai ɗauke da citta, ya ce su kai ni. Yajin cittar ya sa ni atishawa har muka wuce Kasuwan Magani. A Kaduna na kwana gidan wata ƙawata da muka yi kwalejin horon malamai tare, ban gaya mata abin da ke cikin tabarmar ba sai da gari ya waye.

Shagon dilan yana da ƙofar ƙarfe biyu. Shi kansa tsoho ne mai magana a hankali, kantocinsa kusan babu komai. Ya kwance ƙunshin, ya ɗaga bututun ya leƙa cikinsa ta wajen haske, ya ce mai wannan ya san darajar kayansa. Ya rubuta, ya ba ni rasit, ya kulle ƙarfen a ciki. Na ji kamar an sauke mini dutse daga ka. Na ce, "To, Baba, yaushe mai shi zai zo ya karɓa?"

Ya cire tabarau.

"Sai ya zo da lasisinsa, da amincewar hukuma cewa a canza masa lamba. In ya kawo, ko yau ne zan ɗora masa."

"Amincewar tana daɗewa?"

"A da ba ta daɗewa. Yanzu kuwa na jima ban ga an ba kowa ba."

Na ce to in haka ne ya ba ni in koma da shi, mu sake shawara. Ya girgiza kai. Takardata ta kawowa ce, ba ta mayarwa ba. Abin ya riga ya shiga hannunsa, ba ya fita sai da wata takardar.

Da na koma gida na gaya wa Baba yadda aka yi, ban rage komai ba. Ya juya fuskarsa bango. Can ya ce, "Da na sani da na bar shi ya tafi da shi a buhun citta." Bayan ɗan lokaci kuma ya ce, "A'a. Da an kama shi fa?" Haka ya yi ta juya maganar nan har ƙarshen ransa, yau ya ce wannan, gobe ya ce wancan. Ya aika a mayar wa Baban Kachia abin da ya biya, shi kuma ya dawo da shi, ya ce ciniki ya riga ya faɗa.

Baban Kachia ya je Kaduna ba sau ɗaya ba. Ya sa rigarsa ta zuwa sujada, ya bi ofis-ofis, ana ce masa ana dubawa. Ni ma na rubuta wasiƙu, na bi wani tsohon ɗalibin makarantarmu da aka ce ya san mutane. Ba a ce an hana ba, ba a kuma bayar ba. Ana cikin haka aka sake yin wata fitinar a yankinmu, daga nan ko tambaya ba mai iya zuwa yi. Daga baya na ji dilan ya rufe shago, an kwashe abin da ke ajiye a wurinsa an kai ma'ajiyar gwamnati.

Baba ya rasu a cikin damina. Baban Kachia ya zo gaisuwa washegarin sadakar uku, ya tsufa ƙwarai, yana dogara sanda. Ya zauna a zaure cikin maza ya yi shiru ana addu'a, da aka shafa shi ma ya ce amin. Sannan ya nemi a kira ni. Na durƙusa daga bakin ƙofa na gaishe shi.

"'Ya na, Ubangiji ya ta'azantar da ku. Kin sha wahala domin mu."

Na tambaye shi gonar gindin dutse.

"Na bar wa birai," in ji shi. "Yara sun ce in daina zuwa. Yanzu ɗan citta nake yi a bayan gida."

Na kawo masa abinci, ya ci kaɗan. Na ce ya kwana, ga ɗakin Baba a share. Ya dubi ɗakin ta ƙofa, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce gara ya kama hanya tun da sauran rana, mutanen gida za su damu. Na sa mayafi na raka shi tasha, na tsaya har motar ta cika.